Yaro Ba Ya Ganin Titi Yadda Babba Yake Ganinsa

Lokacin tashi daga makaranta shi ne lokacin da ya fi tayar mini da hankali a duk tsawon yini. Ana kaɗa ƙararrawa, ɗaruruwan yara su fito lokaci guda, wannan yana neman ƙaninsa, wancan yana bin abokinsa da gudu, wata kuma jaka tana rinjayarta. A waje motoci da babura sun cushe bakin ƙofa, kowa so yake ya ɗauki nasa ya wuce. Masu wucewa kuma, waɗanda ba su da ɗa a makarantar, suna ta neman kafar da za su kutsa. A cikin waɗannan 'yan mintoci ne ake samun raunukan da mu ma'aikatan lafiya muke karɓa: karayar cinya, fashewar kai, zubar jini a cikin ciki. Wasu yaran kuma ko asibitin ba sa kaiwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa duk shekara sakamakon haɗarin hanya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ba wata cuta da ta kai shi cin ran masu waɗannan shekaru. Fiye da rabin waɗanda ke mutuwa ba a cikin mota suke ba, masu tafiya a ƙafa ne da masu keke da masu babur. Ɗan makaranta yana cikin wannan rukuni sau biyu a kullum, da safe da kuma bayan an tashi.

Idan mota ta kaɗe yaro, maganar farko da ake ji a bakin mutane ita ce, "Ai shi ya faɗo titi bai duba ba." Sau da yawa gaskiya ne. Amma ina roƙon mai karatu ya durƙusa a bakin titi, kansa ya dawo daidai tsayin ɗan shekara shida, ya duba abin da zai gani. Motar da aka ajiye a gefe ta zama katanga. Ba ya hango abin da ke tahowa a bayanta, direban da ke tahowa shi ma ba ya hango shi. Babba yana leƙawa ta saman mota ko ta gilasanta. Yaro kuwa sai ya fito fili kafin ya gani, kuma fitowar tasa fili ita ce shigarsa gaban mota.

Matsalar ta wuce ta tsayi. Kafin mutum ya tsallaka titi, ƙwaƙwalwarsa tana yin lissafi cikin ƙiftawar ido: nisan motar, gudunta, faɗin titin, da saurin ƙafarsa. Mu manya mun daɗe muna yin wannan lissafi har mun manta cewa koyonsa muka yi. Ƙaramin yaro yana ganin mota daga nesa sai ya ɗauka tana da sauran tafiya, don nisa yake kallo, bai iya auna gudu ba. Yana jin ƙarar mota amma ya kasa tantance ta inda take zuwa. Hankalinsa kuma abu ɗaya yake riƙewa a lokaci guda, idan ƙwallo ta gangara titi, to ƙwallon kawai yake gani. Masu bincike a Jami'ar Iowa ta Amurka sun gwada yara a wani titi na kwaikwayo da kwamfuta ta ƙirƙira, suka gano cewa sai wajen shekara 14 yaro yake iya daidaita lokacin tsallakawa kamar babba. Shi ya sa masana ke cewa kada a bar wanda bai kai shekara 10 ba ya tsallaka titi mai zirga-zirga shi kaɗai. Kuma 'yar shekara tara ba ta isa ta zama mai tsaron ɗan shekara biyar ba, duk hankalinta, duk natsuwarta.

Akwai kuma abin da yara da yawa suka yi imani da shi ba tare da an gaya musu ba: tunda ina ganin motar, ai direban yana ganina, kuma idan ya gan ni zai tsaya nan take. Mota ba ta tsayawa nan take, kuma a nan ne nake so direbobi su ba ni hankalinsu.

Daga lokacin da idon direba ya ga yaro zuwa lokacin da ƙafarsa ta taka birki, ana cin kusan daƙiƙa ɗaya, idan ma hankalinsa yana kan hanya ke nan. Motar da ke gudun kilomita 30 a awa tana cin kusan mita 8 a wannan daƙiƙar, sannan ta ƙara kamar mita 5 kafin ta tsaya a busasshen titi. Jimla kusan mita 13. Wadda ke gudun kilomita 50 tana cin kusan mita 14 kafin ma a taɓa birki, kuma tana bukatar kusan mita 27 kafin ta tsaya. Wato a daidai inda mai gudun 30 ya riga ya tsaya cik, yaro ya tsira da tsoro kawai, mai gudun 50 bai ko fara rage gudu ba. Da cikakken gudunsa zai bugi yaron. Ƙarfin bugun kuma yana ƙaruwa fiye da yadda ake zato: idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin yana ninkawa sau huɗu. Wanda mota ta buga a gudun kilomita 50, daidai yake da wanda ya faɗo daga tsayin kusan mita 10, wato saman bene mai hawa uku. Kuma gaban motar da zai sami babba a ƙafa, a kai da ƙirji yake samun yaro.

Direba ba ya jin kilomita 50 a matsayin gudu. Yana zaune, gilashi a rufe, gani yake yana lallaɓawa. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro, domin yawancin waɗanda suka kaɗe yara ba mugaye ba ne, mutane ne masu 'ya'ya, waɗanda suka makara wurin aiki ko suka sunkuya duba saƙo a waya. Mai amfani da waya yana tuƙi, haɗarinsa na yin karo ya ninka kusan sau huɗu, in ji Hukumar Lafiya ta Duniya. Na ga direbobi suna kuka a harabar asibiti kamar su ne iyayen yaron, kuma kukan bai mayar da komai ba.

Saboda wannan lissafi ne taron ministocin duniya kan kiyaye haɗurra da aka yi a birnin Stockholm na Suwidin a watan Fabrairun 2020 ya nemi a mayar da iyakar gudu kilomita 30 a duk inda motoci ke cuɗanya da masu tafiya a ƙafa. Sifaniya ta sa wannan doka a yawancin titunan cikin garuruwanta a 2021. Oslo, babban birnin Norwe, ya kammala shekarar 2019 ba tare da mota ta kashe mai tafiya a ƙafa ko mai keke ko ɗaya ba. Kada wani ya ce wannan sai ƙasashe masu kuɗi. A Dar es Salaam ta Tanzaniya, ƙungiyar Amend, mai aikin kiyaye haɗurran hanya, ta bi makarantun firamare da yaransu suka fi shiga haɗari, ta sa tudun rage gudu, da hanyar ƙafa, da alamomi, da wurin tsallakawa, kuma binciken da aka yi ya nuna raunuka sun ragu da kashi 26 cikin 100. Ayyuka ne ƙanana, ba gina gada ba.

Labarin Holan ya fi taɓa ni, domin daga iyaye ya faro. A 1971 haɗarin hanya ya kashe mutum kusan 3,300 a ƙasar, fiye da 400 daga cikinsu yara ne. Iyaye suka fito da gangamin da suka kira Stop de Kindermoord, wato a daina kisan yara, suka matsa wa hukumomi lamba har aka fara sake fasalin titunan unguwanni. Ba su tsaya ga yi wa 'ya'yansu faɗa su riƙa lura ba. Sun ce titin ne ya kamata ya canza. Ƙungiyar iyaye da malamai ta kowace makaranta tana da irin wannan murya idan ta ga dama: ta rubuta wa hukumar da ke kula da titin, ta nemi tudun rage gudu da allon gargaɗi, ta hana ajiye mota dab da ƙofa, ta tsayar da babban mutum sanye da riga mai ɗaukar ido yana tsallakar da yara safe da rana. Idan makaranta tana da wata ƙofa da ba ta kallon babban titi, a mayar da fitar yara can.

Sai maganar wurin tsallakawa mai zanen fari. Tun 1951 aka fara shi a garin Slough na Ingila, kuma ya bazu duniya. Yana da amfani, amma fenti ba ya tsayar da mota, direba ne ke tsayar da ita. Yaron da aka koya wa cewa "idan kana kan zanen ba abin da zai same ka" an jefa shi cikin haɗari. Abin da za a koya masa shi ne ya tsaya a gefe, ya duba ɓangarori biyu, ya sake dubawa, ya saurara, ya jira har ƙafafun motar su daina juyawa, ya haɗa ido da direban, sannan ya taka da tafiya ba da gudu ba, yana ci gaba da dubawa. Ko danja ta ba shi hannu, ya duba.

Ga wani tarko da ke cin yara masu hankali ma. Titi mai layi biyu, motar farko ta tsaya, direban kirki ya ɗaga wa yaro hannu ya wuce. Yaro ya ji daɗi, ya taho. Na bayan motar bai san dalilin tsayawarta ba, sai ya fizgo ta gefe don ya sha gabanta, ya yi kiciɓis da yaron da motar farko ta ɓoye masa. Don haka, malam direba, idan ka ga mota ta tsaya kusa da makaranta ko wurin tsallakawa, kada ka wuce ta, ka ɗauka akwai yaro a gabanta. Yaro kuma a koya masa ya dakata a ƙarshen motar da ta tsaya masa, ya leƙa layi na biyu kafin ya ƙarasa. Haka idan ya sauka daga bas, ya bari ta tafi titi ya buɗe, kada ya bi ta gabanta ko ta bayanta. Manyan motoci kuwa a nisance su, domin direban tirela ba ya ganin abin da ke dab da gabansa ko gefensa, balle lokacin da yake baya ko shan kwana.

Iyaye, akwai abin da muke yi da kanmu cikin ƙauna wanda ke jawo musiba. Uwa ta tsaya a tsallaken titi, ta hango ɗanta a ƙofar makaranta, ta ɗaga hannu ta kira sunansa. Daga wannan lokacin yaron ba ya ganin komai a duniya sai fuskarta. Zai taho a guje. Don Allah ki tsallaka ki same shi, ko da za ki rasa wurin da kika ajiye mota. Idan a mota aka kawo yara, su sauka ta ƙofar da ke ɓangaren bakin titi, ba ta ɓangaren da motoci ke wucewa ba. Idan a babur ne, hular kwano daidai kan yaro, a ɗaure igiyarta. A riƙe ƙaramin yaro a wuyan hannu, domin tafin hannu yana zamewa idan ya fizge. Inda babu hanyar ƙafa, a yi tafiya ana fuskantar motocin da ke tahowa, babba a ɓangaren titi, yaro a ɓangaren da ke nesa da motoci. Da asuba ko magariba ko lokacin hazo da ruwan sama, kaya masu haske suna sa direba ya hango shi da wuri.

Koyarwar kuma ba a ɗaki ake yinta ba. Ku bi hanyar makarantar tare, ku zaɓi wuraren tsallakawa, ko da hanyar za ta ɗan ƙara tsawo. Daga baya ka bar shi ya yanke shawara kana riƙe da shi: "Yanzu za mu iya wucewa? Me ya sa?" Amsarsa za ta nuna maka abin da yake gani da abin da ba ya gani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma abin da ya ga kana yi shi zai ɗauka. Uban da ke ratsa motoci da waya a kunne, gadar masu tafiya a ƙafa tana kusa ya ƙi hawa, ya riga ya gama koyar da ɗansa. Manyan yara 'yan sakandare nasu haɗarin daban ne: abin jin sauti a kunne, ido a kan waya, da tsokanar juna a bakin titi. A yi musu magana kai tsaye, a cire abin kunne kafin a taka kwalta.

Idan kuma abin ya faru, Allah Ya kiyaye, mintocin farko suna da nauyi. A fara tsayar da motoci don kada a ƙara wani haɗarin, a kira agajin gaggawa. Kada a sungumi yaron a guje ana jijjiga shi, domin idan wuya ko ƙashin baya ya taɓu, wannan ɗaukar na iya shanye masa jiki har abada. Idan dole ne a matsar da shi, mutum ɗaya ya riƙe kai da wuya a miƙe daidai da jiki, sauran su ɗaga tare a kan abu mai faɗi da ƙarfi. Inda jini ke zuba a danne da tsabtataccen ƙyalle, a ci gaba da dannewa. Kada a ba shi ruwa ko abinci, wataƙila zai bukaci tiyata.

Yaron da ya miƙe ya karkaɗe jiki ya ce ba komai, shi ma a kai shi a duba. Yara suna ɓoye ciwo don tsoron faɗa, kuma zubar jini a cikin kai ko ciki ba ya nuna kansa nan da nan. A kwana biyun farko a sa masa ido sosai. Amai a kai a kai, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ake wahalar tashinsa, ruɗewa, farfaɗiya, jini ko ruwa daga kunne ko hanci, ciwon ciki ko kumburinsa, da ɗashewar jiki, duk wanda aka gani a cikinsu a koma asibiti a wannan lokacin, ko da tsakar dare ne.