Tambayoyi kan sujadar tunawa da waɗanda suka riga mu

Kowace shekara tambayoyin nan ne ake tare ni da su a bakin majami'a, saboda haka na rubuta amsoshin domin kowa ya karanta ya huta.

*Yaushe ake yin ta?*

'Yan Katolika suna yin tasu ranar 2 ga Nuwamba. Mu kuwa a daren 31 ga Disamba muke karanta sunayen waɗanda suka rasu cikin shekarar, kafin addu'ar shiga sabuwar shekara.

*Dole ne iyali su yi anko su dafa abinci?*

Ba dole ba ne, kuma ban san wanda ya kafa wannan doka ba. Abin kunya ne a ce gwauruwar da ba ta gama biyan bashin akwatin gawa ba ta sake cin bashi domin ta dafa mana shinkafa. Idan zumuntar mata tana da kuɗin atamfa, ta duba Yakubu 1:27 ta biya wa marayun kuɗin makaranta.

*Addu'a ake yi wa mamacin?*

A wurin 'yan Katolika, haka ne. Mu godiya muke yi wa Allah domin rayuwarsa, sannan mu roƙa wa iyalinsa ta'aziyya.

*An tafi da ɗan'uwanmu shekaru da dama, ba gawa, ba labari. Mu ba da sunansa?*

Wannan ba ta da amsa guda ɗaya, kuma duk wanda ya amsa muku da sauri bai zauna da irin waɗannan iyalai ba. Tun daga 2014, lokacin da aka sace 'yan matan Chibok aka kuma mamaye hedkwatar EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, da ke Kwarhi, ikilisiyoyi da yawa suke fama da ita. An ga waɗanda aka fid da rai da su sun dawo bayan shekaru, saboda haka ba na son a gaggauta. Amma kuma akwai matar da ta gaji da zama tsakanin aure da takaba, wadda jin sunan mijinta a gaban jama'a zai sauke mata nauyi. Shawarata, idan za a karɓa, ita ce iyalin su zauna da fasto da dattawa tukuna, kuma kada a karanta sunan muddin mahaifiyarsa ko matarsa ba ta yarda ba, ko da sauran dangi sun amince. Mai yiwuwa abin da ya fi dacewa shi ne a ware jeri na biyu na waɗanda ake jira, a yi musu addu'ar dawowa. Ko wannan ma ba kowane gida zai yi wa daɗi ba.

*Kuka a cikin sujada rashin bangaskiya ne?*

A'a. Yesu ya yi hawaye a kan mutuwar Li'azaru, yana cikin Yohanna 11:35. Mama, idan aka kira sunan ɗanki kika kasa tsayawa, ki zauna ki yi kukanki, ba wanda zai fitar da ke. Ku kuma masu ruga wa da “yi haƙuri, ya isa”, ku riƙe mata hannu ku yi shiru.

*Wa ake kai wa sunan?*

Sakataren ikilisiya ake kai wa, a rubuce, da cikakken suna da ranar rasuwa, kafin Kirsimeti. Kada ku miƙo mini guntuwar takarda bayan mawaƙa sun fara waƙar buɗewa.