Dokar tafiya a ƙafa a dajin Yankari: abin da ta hana da dalilinta

Duk wanda ya biya kuɗin shiga a Mainamaji, babbar ƙofar dajin Yankari, ya nufi sansanin baƙi na Wikki, akwai ƙa'idar da ta hau kansa tun daga nan: ba a barin sansani a kutsa daji a ƙafa sai da jagora daga ma'aikatan gandun, kuma inda aka shata hanya, nan ake bi. Wasu na ganin takurawa ce. Ni kuwa a ganina babu ƙa'idar da ta kai ta kare rai a wurin.

Wa ke da hurumin kafa ta? An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962. A 1991 gwamnatin tarayya ta karɓe shi ya zama gandun daji na ƙasa, sannan a 2006 ya dawo hannun jihar Bauchi. Ke nan dokar tarayya da ke aiki a gandayen daji na ƙasa irin su Gashaka-Gumti da Kainji ba ita ke iko da Yankari a yau ba, dokar jiha ce. Sai dai jigonsu ɗaya: shiga babu izini laifi ne, haka farauta, kiwo, saran itace da cinna wuta. Takardar da baƙo ya yanka a ƙofa izini ce mai iyaka, ba ta ba shi damar yawo ko'ina cikin daji mai faɗin murabba'in kilomita 2,244 ba.

Inda aka fi karya ƙa'idar shi ne a gajerun hanyoyi, ba dogaye ba. Ɗauki hawan da ke kai mutum kogwannin Marshall, guda 59 da mutanen dauri suka haƙa a jikin dutse. Daga inda mota ke tsayawa tafiyar ba ta da nisa, amma tudu ne, dutsen kuma mai gari-gari ne, takalmi na zamewa a kansa. Sai matashi ya hango yanke ta cikin ciyawa ya ce bari ya riga kowa. Jagora ya san abin da shi bai sani ba: sawun ɓauna na yau ne ko na jiya, kashin giwa ya bushe ko da ɗuminsa, iska daga ina take kaɗawa. Ɓauna ba ta gargaɗi. A wajen rijiyoyin Dukkey kuwa, ramuka ne birjik a ƙasa, da damina ciyawa kan rufe bakinsu.

Yanken yana kuma ɓata wurin. Ƙafa goma ta bi gangara, ruwan sama ya samu hanya, shekara ta zagayo sai kwazazzabo. Ga masu gadin daji da ke sintiri saboda mafarauta. Mutum shi kaɗai a cikin kurmi, ta yaya za su gane baƙo ne?

Matakalar da ke sauka daga sansani zuwa ruwan ɗumi na Wikki tana cikin inda aka yarda a bi ba jagora. Ita ma gajeriya ce mai gangara, a riƙe hannun yara da tsofaffi. Kada a sauka da abinci a buɗe, don birai na fizgewa, kuma ba su abinci da hannu shi ke sa su raina mutane.

Mai son hawa dutse ya faɗa a ofishin sansani tun da safe, a haɗa shi da jagora. Ya tafi da ruwan sha da takalmi mai kama ƙasa, ya dawo kafin rana ta take.