La Eme

La Eme, wadda ake kira Mexican Mafia, ƙungiyar fursunoni ce da ta samo asali a gidajen yarin jihar Kalifoniya ta Amurka. An kafa ta a 1957 a gidan yarin Deuel da ke Tracy, inda wasu samari 'yan asalin Meziko daga unguwannin Los Anjeles suka haɗa kai. Babbar abokiyar gabarta ita ce Nuestra Familia ta 'yan arewacin jihar. Rikicinsu ya ɓarke a gidan yarin San Quentin a 1968, kan satar takalmi.

Cikakkun 'yan ƙungiyar ba su da yawa, amma dubban 'yan daban kudancin Kalifoniya, da ake kira Sureños, suna yi mata biyayya. Lamba 13 da suke zanawa a jiki da bango tana nufin M, harafi na 13 a jerin haruffan Turanci, wanda ake kira "eme" da Sifaniyanci. Abin da ya ba mutumin da ke kulle iko a kan wanda ke yawo a titi ba ɓoyayye ba ne: ɗan daba ya san ko ba daɗe ko ba jima zai shiga gidan yari, kuma can hannunsu zai faɗa. Shi ya sa masu sayar da ƙwaya ke biyan haraji. Dabar da ta ƙi biya, a halatta jinin 'ya'yanta ciki da waje. A 1993 har umarni La Eme ta bayar a daina harbi daga cikin mota, aka kuma ga raguwarsa na wani lokaci.

Hukuma ta fi dogaro da keɓewa. A 1989 aka buɗe gidan yarin Pelican Bay, inda aka riƙa kulle wanda ake zargi da zama ɗan ƙungiya shi kaɗai, sama da awa 22 kullum, a ɗaki marar taga. A lokacin, mafita ita ce ya tona asirin 'yan uwansa, wanda kusan sayar da rai ne. Duk da haka saƙo bai daina fita ba, ta ƙananan takardu da bakin masu ziyara. Gwamnatin tarayya kuma ta gurfanar da shugabanni ƙarƙashin dokar RICO, ta yaƙi da ƙungiyoyin masu aikata laifi.

A 2013 fursunoni kusan 30,000 suka shiga yajin cin abinci don nuna adawa da wannan keɓewa. A 2015 jihar ta amince ta daina keɓe mutum ba iyaka don zargin zama ɗan ƙungiya kawai.