Jigilar kayan tarihi a lokacin ƙaura

Jigilar kayan tarihi ita ce dabarun da ake bi wajen ɗaure tsofaffin kayan gado da ayyukan hannu masu daraja, a ɗora su, a sauke su a sabon mazauni lafiya lau. A Maraɗi irin waɗannan kaya sun haɗa da Alƙur'anai rubutun hannu, allunan zayyana, riguna aska takwas, alkyabba, takubba, tambura, akussa, ƙorai masu zane, da tangaran da tasoshin jere da mata kan gada wurin iyayensu. Galibin ɓarnar da ke samun su tana faruwa ne wurin ɗauri da lodi da saukewa, sai kuma wadda zafi da laima ke yi.

Garin kansa ya san ƙaura. Sarakunan Katsina da jihadi ya fitar daga birninsu ne suka kafa mulki a nan farkon ƙarni na 19, sannan a 1945 ambaliyar Gulbin Maraɗi ta ci tsohon garin da ke cikin fadama, jama'a suka kwashe suka hau tudu. Kayan gadon da ya kwana a tsohon garin, yau kuma yana nan, ya riga ya sha ƙaura sau ɗaya ke nan.

Yanayi

Masu adana kayan tarihi sun fi son laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100. Maraɗi ba ta cika ba da wannan ba. Da hunturu iska kan bushe ƙamas, itace ya tsage, fata ta ƙandare. A watannin Afirilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, cikin rufaffiyar mota kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce, lokacin fumfuna da gara. Saboda haka an fi so a yi lodi da sanyin safiya, kuma kada a naɗe takarda ko fata ko tufa cikin leda a bar su kwana da kwanaki, don leda tana riƙe gumi.

Ɗauri

Littattafan hannu su suka fi buƙatar hankali. Alƙur'anin da mahaddatan ƙasar Hausa ke rubutawa ba ɗinkakke ba ne: warƙoƙi ne a sake tsakanin bango biyu, a ɗaure da tsirkiyar fata, a zura cikin gafaka. Idan ya suɓuce ya watse, sai an nemo alaramma ya zauna ya jera shi warƙa bayan warƙa. Littafin fiƙihu ko na waƙoƙin ajami ya fi wuya ma, tunda ba kowa ya haddace shi ba, sai dai a bi kalmar da marubuci kan sa a gindin shafi don nuna farkon na gaba. Tawadar kuma sau da yawa ta gawayi ce da ƙaro, ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya narkar da harafi. Akan bar littafin cikin gafakarsa, a naɗe da farin yadi wankakke, a kwantar da shi cikin akwatin ƙarfe, kada a ɗora masa nauyi. Da irin waɗannan akwatuna aka fitar da dubban littattafan Tumbutu zuwa Bamako a 2012 da 2013. Sun tsira daga masu bindiga, amma laimar Bamako ta zame musu sabuwar matsala.

Tulu da randa da tukwane daga gindi ake tallabarsu da hannu biyu, ba a kama baki ko mariƙi, don nan ne tsohon yumɓu ke fara sakewa. Masu tukwane sun daɗe da gano maganin hanya: ciyawa tsakanin tukunya da tukunya, raga daga waje. Dabarar tana aiki har gobe, sai dai ciyawa kan zo da ƙwari, bai kamata ta kusanci takarda ko tufa ba. Tangaran kowanne da nasa naɗi, a tsayar da farantai a kan gefensu, a sa kwalin cikin wani kwali da tsumma kamar santimita 5 tsakaninsu. In aka girgiza aka ji motsi, ɗaurin bai yi ba.

Riga mai aiki ba a ninka ta a kan aikin, zaren kan karye a wurin ninki. Tsohuwar jarida, wadda ita ce ta fi kusa da hannun kowa, tawadarta kan fita a jikin farar alkyabba. Turkuɗi kuwa shi ke shafa wa na kusa da shi baba, don haka shi kaɗai ake naɗe shi. Zanen fenti da hotuna masu gilashi a tsaye ake jera su, fuska da fuska, da kwali a tsakani.

Lodi da hanya

Kafin a taɓa komai akan ɗauki hoton kowane abu da waya, har da tsofaffin tsaguwarsa, a rubuta lamba a jikin kwali. Wannan kan kashe gardama da mai mota, da ma ta ƴan'uwa idan kayan na gado ne da ba a raba ba. A cikin mota wurin da ya fi lafiya shi ne tsakanin tayoyin gaba da na baya, don can ƙarshen bodi ne ke shan tsalle. Tafiya zuwa Yamai ta haura kilomita 600, sai a riƙa duba igiya a hanya. Ƙananan abubuwa masu tsada mai su ne ke riƙe su a cinya.

Doka

Ƙaura daga unguwa zuwa unguwa ba ruwanta da takarda, tsallaka iyaka ta Ɗan Issa zuwa Jibiya ne ke da ita. Dokar Nijar mai lamba 97-022 ta 30 ga Yunin 1997 ta tanadi kare kayan tarihin ƙasa, fitar da su waje kuma sai da izinin hukuma. Nijar tana cikin yarjejeniyar UNESCO (hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya) ta 1970 mai hana fataucinsu ta ɓarauniyar hanya. Kayan da aka tono daga ƙasa sun fi tsauri: tukwanen Bura na yammacin Nijar suna cikin jerin da ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta fitar a 2000 na kayan Afirka da ɓarayi suka fi wawura.