"Ranar ƙaddara": me ya sa Jamusawa suke kiran 9 ga Nuwamba da wannan suna?

Duk mai bin shafukan labarai a Facebook ya saba ganin "a rana mai kamar ta yau", a jero maka abubuwa, an haifi wane, an yi juyin mulki a ƙasa kaza, jirgin ruwa ya nutse a teku kaza, shekarunsu daban daban amma kwanan watan ɗaya. Yawanci abin da ya haɗa su bai wuce kalanda ba, tunda kwana 365 ne kacal a shekara kuma duniya ta daɗe, dole abubuwa su riƙa faɗowa kan juna. To amma akwai wata rana da abin ya yi yawa har masu ita suka raɗa mata suna, wato 9 ga watan Nuwamba a ƙasar Jamus. Suna ce mata Schicksalstag. Kalmomi biyu ne aka haɗa, Schicksal shi ne ƙaddara, Tag kuma rana, kenan ranar ƙaddara. Idan Bajamushe ya faɗi wannan kalma ba sai ya ƙara bayani ba, 'yan ƙasarsu sun san ranar da yake nufi.

Abubuwa biyar ake lissafawa. Na farkon shi ne 1848, ranar da sojojin Ostiriya suka harbe Robert Blum a Vienna, ɗan majalisar dokokin Jamusawa ne da ke zama a birnin Frankfurt, mai fafutukar mulkin jama'a, kuma kisan nasa ya zama alamar cewa yunƙurin juyin juya halin wannan shekarar ya sha ƙasa. Wannan ba kowa ke tuna shi ba yau, masana tarihi ne suka fi riƙe shi.

Na biyu 1918, ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya. Jamus ta ga alamar an ci ta da yaƙi, sojojin ruwa sun yi bore, ma'aikata sun cika titunan Berlin, sai shugaban gwamnati Max von Baden ya fito ya sanar cewa sarki Wilhelm na biyu ya sauka daga karaga alhali shi sarkin bai ma amince ba tukuna. Da rana wani jigon ɗan siyasa, Philipp Scheidemann, ya leƙo daga ginin majalisa ya shelanta jamhuriya, bayan 'yan awanni wani jagoran 'yan gurguzu, Karl Liebknecht, shi ma ya shelanta tasa jamhuriyar ta 'yan gurguzu daga fadar sarki, jamhuriya biyu a wuni ɗaya. Washegari sarki ya tsallaka Holan, ranar 11 ga wata aka sa hannu kan tsagaita wuta.

Daga nan ne labarin ya fara ɗaurewa, kuma nan ne nake so mai karatu ya tsaya da kyau. Masu tsattsauran kishin ƙasa a Jamus ba su taɓa yarda an ci sojojinsu a fagen daga ba, suka ƙirƙiro zancen cewa 'yan siyasa da Yahudawa ne suka ci amanar soja daga gida, har suna kiran waɗanda suka kafa jamhuriyar "masu laifin Nuwamba". Ƙarya ce, manyan janar ɗin ƙasar da kansu ne suka nemi a tsagaita wuta, amma ƙaryar ta samu karɓuwa sosai. Shekara biyar cif bayan haka, a 1923, lokacin da kuɗin ƙasar ya lalace har burodi ɗaya sai da biliyoyin mak, wato kuɗin Jamus na lokacin, Adolf Hitler da mutanensa suka kutsa wani babban ɗakin shan giya a Munich daren 8 ga wata da niyyar juyin mulki. Washegari 9 ga wata suka yi maci cikin gari tare da Janar Ludendorff, ɗaya daga manyan kwamandojin Jamus a Yaƙin Duniya na Ɗaya, 'yan sanda suka tare su aka buɗe wuta, 'yan sanda 4 suka mutu, ɓangaren masu macin aka kashe mutum goma sha wani abu. An yanke wa Hitler shekara biyar a kurkuku amma ko shekara guda bai yi ba aka sake shi. Da ya hau mulki a 1933 sai wannan rana ta koma babbar ranar jam'iyyarsa, duk shekara manyan 'yan Nazi sai sun hallara a Munich don tunawa da waɗanda aka harbe.

Wannan taron na shekara shekara shi ya kai mu ga 1938, wadda wallahi ita ce mafi muni a cikin biyar ɗin. Ranar 7 ga Nuwamba wani yaro Bayahude ɗan shekara 17, Herschel Grynszpan, wanda aka kori iyayensa daga Jamus aka zubar da su a kan iyakar Poland, ya harbi wani jami'in ofishin jakadancin Jamus a Paris mai suna Ernst vom Rath. Jami'in ya cika ranar 9 ga wata, daidai lokacin da shugabannin Nazi suke zaune a Munich wajen bikinsu. Ministan farfagandar Hitler, Joseph Goebbels, ya tashi ya yi jawabi na tunzurawa, shugabannin suka bazama kan wayar tarho suna ba da umarni, kafin gari ya waye an cinna wa wuraren ibadar Yahudawa wuta a faɗin Jamus da Ostiriya, an farfasa shaguna wajen 7,500, an shiga gidajen mutane an yi musu duka a gaban 'ya'yansu, 'yan kwana-kwana suna tsaye suna kare gidajen maƙwabta kawai kada wutar ta tsallaka. An kwashi maza Yahudawa kusan 30,000 zuwa sansanonin Dachau da Buchenwald da Sachsenhausen. Hukuma ta ce mutum 91 aka kashe, masana kuma sun tabbatar adadin ya zarce haka nesa. Kuma bayan duk wannan sai aka ci waɗanda aka zalunta tarar mak biliyan ɗaya wai su ne suka jawo. Sunan da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne Kristallnacht, daren fasa gilasai, saboda tarkacen gilashin da ya cika tituna, amma Jamusawa da yawa yanzu ba sa son sunan don yana sa abin ya zama kamar gilashi kawai aka fasa alhali rayuka aka kashe, kuma ni ma ina tare da su a kan haka.

Shi ya sa kalmar nan ta ƙaddara take ɗan damuna idan aka zo kan waɗannan ukun na tsakiya. Wanda ya ji ta zai ɗauka rana ce kawai ta yi ta maimaita kanta ba da hannun kowa ba. Alhali ƙiyayyar abin da ya faru a Nuwamban 1918 ita ce Hitler ya hau kai a 1923, kuma bikin tunawa da 1923 shi ya tara mutanen da suka ba da umarnin 1938 a ɗaki ɗaya a dare ɗaya. Mutane ne suka ƙulla wannan igiyar da hannunsu. Mu ma a Najeriya mun san irin haka, 1 ga Oktoba aka samu 'yancin kai a 1960, ita aka zaɓa don zama jamhuriya a 1963, ita ce kuma ranar da Shehu Shagari ya karɓi mulki a 1979, ai ba dace aka yi ba, zaɓar ranar aka yi da gangan. Don haka idan ka ga an jero abubuwa a rana ɗaya yana da kyau ka tambaya, wanne ne ya faɗo haka nan, wanne ne kuma aka ajiye shi a kan ranar saboda na baya.

Na biyar kam shi ne wanda ya faɗo haka nan ba shiri. Shekarar 1989, Jamus a rabe biyu, katangar Berlin tana tsaye tun 13 ga Agustan 1961, shekara 28 kenan ɗan uwa ba ya iya tsallaka titi ya gaida ɗan uwansa, an harbe mutane da dama a wajen ƙoƙarin haura ta. Gwamnatin Jamus ta Gabas ta ga jama'a na ta guduwa ta ƙasashen maƙwabta ga zanga-zanga kowane mako, sai ta shirya sassauta dokar fita waje. Aka miƙa wa wani jigo a jam'iyya mai mulki, Günter Schabowski, takarda ya karanta a taron 'yan jarida wajen ƙarfe bakwai na yamma, shi kuma bai zauna a zaman da aka tsara bayanin ba, da aka tambaye shi yaushe dokar za ta fara aiki sai ya duba takardunsa ya ce a iya saninsa nan take ne. Ai kuwa talabijin na watsawa mutane suka fito dubu dubu suka nufi ƙofofin katangar, masu gadi ba su da wani umarni a hannu, suna ta bugawa manyansu waya babu wanda ya yarda ya ɗauki nauyi, har wajen sha ɗaya da rabi na dare jami'in da ke kula da mashigar Bornholmer, Harald Jäger, ya ce a buɗe. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Mutane suka kwana a kan katanga suna rungumar waɗanda ba su taɓa gani ba.

Kowa zai yi tsammanin wannan ce za ta zama ranar bikin ƙasa. An yi tunanin haka, amma aka ga ba zai yiwu a riƙa kiɗa da shagali a ranar da aka ƙona wuraren ibadar mutane aka kwashe su zuwa sansani ba, sai aka ɗauki 3 ga Oktoba, ranar da ƙasashen biyu suka haɗe a hukumance a 1990, ita ce ranar haɗin kan Jamus har yau. Ita 9 ga Nuwamba ba hutu ba ce, ana zuwa aiki ana zuwa makaranta. A Berlin ana taruwa a titin Bernauer inda aka bar ragowar katangar, a soka furanni a tsakanin tsagoginta don tunawa da waɗanda suka mutu a wajen. A wannan yammacin kuma a garuruwa da yawa za ka ga mutane durƙushe a bakin titi da tsumma a hannu suna goge wasu ƙananan alluna na tagulla da aka kafa a ƙasa a ƙofar gidajen da aka kwashe Yahudawa daga cikinsu, kowane allo ɗauke da sunan mutum ɗaya da shekarar haihuwarsa da inda aka kai shi, idan sun gama gogewa sai su kunna kyandir su ajiye a gefe.