Hanyar Kogin Thames

Hanyar Kogin Thames doguwar hanyar ƙafa ce a kudancin Ingila. Tana bin kogin tun daga mafarinsa kusa da ƙauyen Kemble a gundumar Gloucestershire har zuwa Woolwich a gabashin Landan, tafiyar kimanin kilomita 298. An buɗe ta a hukumance a shekarar 1996, kuma tana cikin manyan hanyoyin ƙafa na ƙasa da gwamnati ta amince da su a Ingila da Wales, waɗanda ake gane su da tambarin ƙwallon itacen oak a jikin turaku da ƙyamare. Mai son ya taka ta daga farko har ƙarshe yakan yi mako biyu ko kusan haka, amma yawancin masu bin ta gutsure suke yi: yini guda, ko ma yammaci guda, daga wannan ƙauye zuwa na gaba.

Abin da ya fitar da sunanta shi ne sauƙi. Mafarin kogin bai wuce mita 110 a saman teku ba, kuma wannan ɗan tudun ne ruwan yake sauka a hankali cikin tafiyar kilomita 346 da kogin yake yi har teku, saboda haka da wuya mai tafiya ya ji yana hawa ko yana gangara. Tsofaffi da yara ƙanana da masu murmurewa daga jinya duk suna iya bin sassa da yawa nata. Wahalarta ba ta tudu ba ce, ta ruwa ce da taɓo, sai kuma nisan wasu sassan da gari.

Yadda hanyar ta samu

Ba don masu shan iska aka fara share ta ba. Kafin zuwan jirgin ƙasa, kogin Thames shi ne babbar hanyar dakon kaya tsakanin Landan da ƙauyukan yamma. Gawayin kwal da gishiri suna hawa, hatsi da katako da cuku da duwatsun gini suna sauka. Jiragen dakon ba su da inji. Da igiya ake jan su daga gaɓa, da fari ƙartai ne ke ja, daga baya aka koma ga dawaki. Dokin da ke jan jirgi mai nauyi kuwa yana bukatar turba shimfiɗaɗɗiya, mai manne da bakin ruwa, wadda ba shinge ko itace da zai kama igiya. Hukumar kula da zirga-zirgar kogin, wadda aka kafa a 1751, ita ce ta yi ta haɗa wannan turba a ƙarshen ƙarni na 18, musamman bayan da aka buɗe mashigin ruwan da aka haƙa ya haɗa Thames da kogin Severn a 1789. Mashigin yana faɗa wa Thames ne a Inglesham, kusa da garin Lechlade.

Ba kowane mai gona ne ya yarda turbar ta ratsa filinsa ba. Inda aka ƙi, sai a tsallakar da doki da kwale-kwale zuwa ɗaya gaɓar, a ci gaba daga can. Da jirgin ƙasa ya iso Reading a 1840, ya iso Oxford a 1844, sai dakon kogi ya fara mutuwa, masu fito suka watse ɗaya bayan ɗaya, turbar ta zama guntu-guntu: mutum na cikin tafiya sai ya ga hanya ta ƙare a bakin ruwa, ta ci gaba a ƙetare, ba gada ba jirgi. Wannan ne ya sa aka daɗe ana maganar mayar da ita hanyar ƙafa guda, tun a shekarun da suka biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ba a cimma hakan ba sai bayan kusan shekara hamsin. Ƙungiyar masu tafiyar ƙafa ta Ramblers ta yi ta matsa lamba, kuma sunan David Sharp ne ya fi fitowa a wannan fafutuka. Sai da aka gina sababbin gadojin ƙafa a inda ake bukatar tsallake kogin, kamar gadar Temple kusa da Hurley a 1989 da gadar Bloomers Hole kusa da Lechlade a 2000. A wasu wuraren kuma har yau hanyar takan bar kogin ta zaga ta cikin ƙauye kafin ta dawo.

Daga mafari zuwa Oxford

Wannan sashe, mai tsawon sama da kilomita 80, shi ne karkara ta sosai, kuma shi ne ya fi cancanta da a tsaya a kansa.

Mafarin kogin yana cikin wata makiyaya da ake kira Trewsbury Mead, tafiyar ɗan lokaci daga tashar jirgin ƙasa ta Kemble. Akwai dutse da aka kafa da rubutu a jiki, ga kuma wani ɗan rami mai tsakuwa. Baƙi da yawa sukan yi turus, domin mafi yawan shekara ba ɗigon ruwa a wurin. Ƙasar yankin farar ƙasa ce mai shanye ruwa, sai an yi ruwan sama mai yawa a watannin sanyi sannan idon yake tasowa. Mai tafiya yakan bi busasshen kwari na wani ɗan nisa kafin ya fara ganin ruwa yana tsatsowa, ya zama rafi, rafin da yaro zai iya tsallakewa da taku biyu. Daga nan hanyar ta ratsa ƙauyen Ashton Keynes, ta bi tsakanin tafkunan da suka cika ramukan da aka haƙi tsakuwar gini, ta kai Cricklade.

A gefen Cricklade akwai fadamar North Meadow, wadda doka ta kare. Ana tafiyar da ita bisa tsohuwar al'ada: a bar ciyawa ta girma, a yanke ta a yi ingirici a tsakiyar shekara, sannan a saki dabbobin gari su yi kiwo daga 12 ga Agusta zuwa 12 ga Fabrairu. Da yake ba a huɗa ta, ba a zuba mata takin zamani, kuma ambaliya na kawo mata laka kowace shekara, furannin daji da suka ɓace a wasu wurare sun tsira a nan. Mafi shahara shi ne wani fure mai sunkuyar da kai, jikinsa da zane-zane kamar fatar maciji, wanda ke buɗewa a watan Afrilu. Mafi yawan irinsa da ke tsirowa da kansu a Birtaniya a wannan fadama guda suke. A lokacin furen ana roƙon mutane kada su sauka daga turbar da aka ware.

Daga Cricklade zuwa Inglesham babu tsohuwar turbar dawaki, don manyan jirage ba sa kai wa can, saboda haka hanyar gonaki ake bi. A Lechlade ne kogin ya zama na jirage, kuma a nan ake tarar da ƙofar ruwa ta farko, St John's Lock. Ƙofar ruwa wani ɗaki ne da aka gina cikin kogi, da ƙyamare gaba da baya: jirgi ya shiga, a rufe, a cika ɗakin da ruwa ko a rage, jirgin ya hau ko ya sauka zuwa matakin ruwan da ke gaba. Akwai 45 irinsu daga nan zuwa Teddington a yammacin Landan, kuma ga mai tafiyar ƙafa su ne zango. Galibi akan sami benci da ɗan lambu mai tsafta, a wasu kuma famfo da bayan gida. A St John's Lock ɗin ne aka ajiye gunkin da ake kira Uban Thames, wanda ya zauna a mafarin kogin daga 1958, aka ɗauke shi a 1974 saboda masu ɓarna.

Tsakanin Lechlade da Oxford kogin yana ta lanƙwasa cikin fadama, ƙauyuka suna nesa da gaɓa saboda tsoron ambaliya, kuma mutum yakan yi awa guda bai haɗu da kowa ba sai shanu da zalɓe. Akwai gidan Kelmscott Manor, inda mai zane William Morris ya kama haya daga 1871. Akwai gadar Radcot, wadda ake ɗauka ita ce mafi tsufa a kan kogin, inda aka gwabza yaƙi a 1387. Akwai kuma gadar Newbridge, wadda take daga ƙarni na 13. Kantuna ba su da yawa a wannan sashe, motar haya ma haka, kuma wuraren cin abincin da ake tararwa a bakin gadoji yawancinsu mashaya ne, don haka wanda bai son shiga irin waɗannan wurare gara ya ɗauki guzurinsa da ruwansa.

Ana shiga Oxford ne ta gefen kangon gidan mata masu ibada na Godstow, sannan a bi gaɓar da ke fuskantar Port Meadow, wani makeken fili inda dawaki da shanu ke kiwo sake. Haƙƙin mutanen gari na yin kiwo a wurin yana rubuce tun a kundin ƙidayar filaye na 1086. Wannan guntu na kilomita kaɗan shi ne ya fi dacewa da wanda ya zo Oxford karatu ko ziyara kuma bai da lokaci mai yawa.

Gandayen manyan gidaje

Daga Oxford zuwa ƙasa kogin ya faɗaɗa, garuruwa sun matso, jirgin ƙasa kuma yana bin kwarin, ta yadda mutum zai iya sauka a wata tasha ya taka zuwa wata. A Goring kogin ya ratsa tsakanin tuddan Chiltern da na Berkshire, kuma a dajin da ke tsakanin Goring da Whitchurch ne ake samun hawan da za a iya kira hawa. Gajere ne, amma yana sa haki.

A wannan yanki ne attajirai da masu sarauta na ƙarni na 18 da na 19 suka gina gidajensu, suka kewaye su da gandaye: ciyawa shimfiɗe har bakin ruwa, manyan itatuwa jefi-jefi, garken barewa na yawo. Ƙasa da Henley, garin da ake tseren kwale-kwale tun 1839, hanyar ta wuce ɗan tsibirin Temple, sannan ta ratsa gandun Culham Court inda ake kiwon fararen barewa. Gaba da Cookham ana hangen dajin Cliveden a kan gangaren ƙetare, wanda yanzu yake hannun ƙungiyar National Trust mai kula da wuraren tarihi. A sararin sama kuma da wuya a rasa jar shirwa, wadda ta ƙare a Ingila, aka sake sakin ta a tuddan Chiltern daga 1989, ta hayayyafa. A Windsor kuwa an rufe turbar da ta bi ta gandun fadar sarauta tun tsakiyar ƙarni na 19, dole mai tafiya ya tsallaka zuwa gefen Datchet. Kaɗan gaba sai filin Runnymede, inda Sarki John ya amince da yarjejeniyar Magna Carta, wadda ta taƙaita ikon sarki, a 1215.

Haƙƙin wucewa

Mafi yawan ƙasar da hanyar ta ratsa ta mutane ce, ba ta gwamnati ba. Abin da jama'a suke da shi haƙƙin wucewa ne kawai, kusan yadda burtali yake tsakanin gonaki: gonar ta mai ita ce, amma ba shi da ikon toshe hanyar, mai wucewa kuma ba shi da ikon fanɗarewa cikin shuka. Dokar 1949 kan gandayen ƙasa da shiga karkara ita ce ta sa ƙananan hukumomi suka zana waɗannan hanyoyi a taswira ta hukuma, kuma ita ce ta buɗe ƙofar kafa dogayen hanyoyin ƙasa. Kibiya ruwan ɗorawa tana nufin hanyar ƙafa zalla, shuɗiya kuma tana nufin doki da keke ma suna iya bi. Mafi yawan Hanyar Thames a karkara ta ƙafa ce zalla, don haka ba a yarda da keke ba sai a wasu sassa.

Ƙa'idojin sanannu ne: a bar ƙyaure yadda aka same shi, kada a bar shara, kada a hura wuta, a riƙe kare da igiya kusa da tumaki. Saniya mai ɗan maraƙi ita ce dabbar da ta fi haɗari a waɗannan filaye, musamman in ta ga kare. Shawarar da hukumomi ke bayarwa ita ce in shanu suka taso, a saki karen ya gudu, mutum ya fice a natse.

Ambaliya da lokacin tafiya

Turbar da ke manne da kogi tana nutsewa duk lokacin da kogin ya cika. Daga Nuwamba zuwa Maris sassan da ke sama da Oxford sukan shafe kwanaki ko makonni a ƙarƙashin ruwa, kuma ko ruwan ya janye taɓon da ya bari yana cire wa mutum takalmi. An yi manyan ambaliyoyi a Yulin 2007 da farkon 2014, wato ko watannin zafi ba su da cikakken tabbas. Hukumar Kula da Muhalli, wadda ke riƙe da ƙofofin ruwan, tana wallafa matakin kogin da gargaɗin ambaliya a intanet, kuma masu hankali sukan duba kafin su fita. Ratsa ruwan da ya rufe turba ganganci ne, domin ba a ganin inda gaɓa ta ƙare, ga sanyi, ga igiyar ruwa mai ƙarfi kusa da madatsai.

Daga Afrilu zuwa Oktoba ne aka fi jin daɗin tafiyar. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, a Disamba kuwa kafin ƙarfe huɗu duhu ya fara. A tsakiyar shekara ciyawa mai ƙaiƙayi takan rufe gefen turba, akwai kaska a doguwar ciyawa, don haka dogon wando ya fi. Ruwan kogin ba na sha ba ne.

A 'yan shekarun nan an yi ta cire matakalan tsallake shinge ana sa ƙyamare a madadinsu, don masu ciwon gwiwa da masu keken guragu su samu shiga, ko da yake sassan da keken guragu ke iya bi sun fi yawa kusa da garuruwa irin su Oxford, Henley da Richmond, inda aka daɓe turbar. Gyaran hanyar yana wuyan ƙananan hukumomin da ta ratsa, tare da wata 'yar ƙaramar tawagar ma'aikata da masu aikin sa kai, waɗanda ke yanke ciyawa, suna gyara alamu, suna kai rahoton duk inda gaɓa ta zaizaye ko gada ta ruɓe.