Iyakar Ikon Ƙananan Hukumomi a Kan Gine-gine Cikin Filin Mutum a Ingila

A Ingila, mallakar fili ba ta bai wa mutum damar gina duk abin da ya ga dama a kansa. Tun daga dokar tsara birane da ƙauyuka ta 1947, wadda ta fara aiki a watan Yulin 1948, gwamnati ce ke riƙe da ikon ba da izinin gini, ƙananan hukumomi kuma su ke zartar da shi a yankunansu. Dokar 1990 ce ginshiƙin tsarin a yau. Sai dai ikon hukumar bai wuce abin da majalisar dokoki ta rubuta mata ba.

Akwai ayyukan da gwamnatin ƙasa ta riga ta halatta tun kafin a nema. Wani umarni na 2015 ya ba mai gida damar kafa rumfa, ɗakin ajiya ko garejin mota a harabarsa ba tare da ya je ofishin kowa ba, muddin ginin ba bene ba ne, ba a gaban gida yake ba, kuma dukan ƙarin gine-ginen ba su cinye fiye da rabin harabar ba. Tsayinsa kada ya wuce mita 4 idan rufin mai gangara biyu ne, ko mita 3 ga sauran rufi, idan kuwa bai kai mita 2 daga iyakar maƙwabci ba, mita 2.5 ne ƙarshe. Katanga tana iya kai mita 2, wadda ke bakin titin mota kuma mita 1. Abin da ya cika dukan sharuɗɗan umarnin, jami'in hukuma ba shi da ta cewa a kansa, ko da ginin ya yi masa muni. Hukumar na iya janye wannan sassauci a wata unguwa ta hanyar umarni na musamman, gidajen tarihi da ke cikin rajista kuma dokarsu ta fi tsanani.

Yin gini ba izini, a mafi yawan lokuta, ba laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa ba. Laifin yana farawa ne idan an ba shi takardar umarnin gyara ko rushewa ya ƙi bi. Kafin nan yana da damar ɗaukaka ƙara zuwa ga sufetocin tsara gine-gine na ƙasa, kuma umarnin yana tsayawa har a yanke hukunci. Jami'i ma ba ya neman shiga gidan da ake zaune a ciki sai ya ba da sanarwar awa 24.

Batun lokaci ne ya fi jawo shari'a. A da, idan gini ya cika shekara 4 da kammalawa hukuma ba ta ɗauki mataki ba, ya tsira ke nan. Wannan ya sa wasu suka gwada dabara. Wani manomi a yankin Surrey da ke kudancin Ingila ya gina gida mai siffar fadar sarakunan dā, ya ɓoye shi bayan tarin damman ciyawa har shekara 4, sannan ya kwashe ciyawar a 2006. Kotu ta ce kwashe ciyawar ma ɓangare ne na aikin gini, don haka lissafin bai fara ba sai ranar. An rushe gidan a 2016. A 2011 Kotun Ƙoli ta hana wani da ya nemi izinin rumbun ciyawa, alhali gidan zama ya gina a ciki, cin gajiyar wa'adin, domin yaudara ya yi. A shekarar aka yi dokar da ta ba hukumomi damar zuwa kotu a kan ginin da aka ɓoye da gangan. Daga 25 ga Afrilun 2024 wa'adin ya koma shekara 10 ga sababbin gine-gine.

Rikicin iyaka tsakanin maƙwabta, ko saɓa wa wani sharaɗi da ke cikin takardar cinikin fili, ba hurumin ƙaramar hukuma ba ne. Masu irin wannan ƙorafi kotun farar hula suke zuwa.